Layin dogon Kwatano zuwa Yamai: tarihin kwangila da ƙa'idar gasa

Ranar 29 ga watan Janairu na shekarar 2016 aka yi bikin buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 143 tsakanin Yamai da Doso. Shi ne layin dogo na farko a tarihin Nijar, aka kuwa tarbe shi da kiɗa da guɗa kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Amma shekaru suka yi ta wucewa, layin bai shiga jigilar mutane ko kaya ta yau da kullum ba, kuma bai sadu da garin Paraku na ƙasar Benin ba, inda layin da ya taso daga teku ya tsaya tun zamanin Turawa. Wasu sun ɗora laifin ga rashin kuɗi, wasu ga siyasa. Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba: ta wace hanya aka zaɓi wanda zai yi aikin? Amsar wannan tambaya tana da dogon tarihi, wanda ya faro tun kafin a shata iyakokin Nijar.

Asalin ƙa'idar

A kasuwa, mai dukiya yana da ikon sallama wa wanda ya ga dama, ko ya ce albarka ga tayin da bai yi masa ba, domin abinsa ne. Mai riƙe da baitulmali ba shi da wannan iko, saboda kuɗin da ke hannunsa amana ce ta masu biyan haraji. Daga nan ne ƙa'idar gasar neman kwangila ta samo tushe. Kamar gwanjo ce, amma a juye: a gwanjo wanda ya fi tsada shi ke ɗauka, a nan kuwa hukuma ce mai saye, kuma tana neman wanda zai yi aiki mai inganci a farashi mafi sauƙi.

Dokokin Nijar a wannan fanni gado ne daga Faransa. A can, wata dokar sarki Louis-Philippe ta 4 ga Disamba 1836 ta shimfiɗa cewa duk cinikin da za a yi da sunan gwamnati sai an yi shelarsa, an kuma bari masu so su yi takara. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana liƙa sanarwa wata guda kafin ranar zama. Ana ajiye kundin sharuɗɗa inda kowane mai sha'awa zai karanta. Kowa ya kawo tayinsa a rufe da hatimi, a buɗe a gaban jama'a. Idan hukuma ta riga ta yanke farashin da ba za ta wuce ba, shi ma a rufe ake ajiye shi bisa tebur tun farkon zama. Sai dai dokar ta bar wasu ƙofofi inda za a iya ƙulla ciniki kai tsaye da mutum guda, abin da ake kira gré à gré da Faransanci. Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce gaggawa. Wannan ƙofa za ta sake bayyana a tarihin da ke tafe.

Layin dogo ya gwada ƙarfin wannan ƙa'ida fiye da kowane aiki, saboda yawan kuɗin da yake ci. Dokar 11 ga Yuni 1842 ta raba nauyin gida biyu: hukuma ta sayi filaye, ta baje ƙasa, ta gina gadoji da tashoshi, kamfanoni kuma su shimfiɗa ƙarafa, su kawo jirage, su ci riba na wasu shekaru. A gasar, wanda ya yarda da mafi ƙarancin shekaru shi ke cinyewa. A watan Satumba na 1845 aka yi tallar babban layin da ya tashi daga Paris zuwa iyakar Beljiyam. Kafin ranar zama, manyan masu kuɗin da ake sa ran za su kara suka haɗe a bayan James de Rothschild, shi ya karɓi layin na shekara 38. An cika sharuɗɗan doka, amma takara ba ta yiwu ba. Bayan wasu shekaru, a mulkin Napoleon na Uku, aka tsawaita irin waɗannan yarjeniyoyi zuwa shekara 99, layukan ƙasar kuma suka tattaru a hannun manyan kamfanoni shida. Ke nan tun a gidanta ƙa'idar ta nuna rauninta: masu neman aiki na iya haɗa baki, masu mulki kuma na iya kauce mata.

Zamanin mulkin mallaka

Layuka huɗu na Faransawa a Afirka ta Yamma sun ɗauki sunan Nijar: Dakar–Nijar, Konakiri–Nijar, Abijan–Nijar da Benin–Nijar. Kogin Isa ake nufi da sunan, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taka ƙasar da ake kira Nijar a yau. Na Dakar ya tsaya a Kulikoro kusa da Bamako, na Konakiri ya ƙare a Kankan a 1914, na Abijan ya isa Bobo a 1934 da Wagadugu a 1954.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen gina layukan. Ta farko ita ce a ba kamfani izinin gini da cin moriya, tare da alkawarin cewa baitulmali zai cike masa gurbi idan riba ta gaza. Haka aka yi da kamfanin Batignolles a layin Dakar zuwa Saint-Louis, wanda aka gama a 1885. Ta biyu ita ce hukuma ta yi aikin da kanta, da injiniyoyin soja da ma'aikatan da aka tattaro da ƙarfi. Haka aka gina layin Kayes zuwa kogin Isa, wanda aka fara a 1881 amma bai kammala ba sai 1904.

Layin Dahome, wanda ya fi shafar Nijar, ya haɗa hanyoyin biyu, kusan kamar yadda dokar 1842 ta tsara. A 1900 injiniyoyin soja suka fara baje ƙasa daga Kwatano da kuɗin yankin da ƙarfin talakawa. Shimfiɗa ƙarafa da tafiyar da jirage kuma aka damƙa wa wani attajirin Marseille mai suna Georges Borelli, aka haɗa masa da kyautar ƙasa da ta kusa hekta dubu 300 a gefen layin. A Paris aka ƙulla yarjejeniyar, ba a tambayi masu gonakin kwakwar manja da ke cikin wannan fili ba. Mutanen Dahome suka yi ta koke, har a 1904 hukuma ta janye kyautar filin ta biya kamfanin da kuɗi. Layin ya ci gaba a hankali, ya isa Paraku a 1936 bayan kilomita 438, ya tsaya nan. Sauran tazarar zuwa bakin kogi a Malanville, daura da Gaya, ta fi kilomita 300, kuma har yau motoci ne ke cike ta.

A ɓangaren Ingilishi, gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, ya sa ma'aikatar ayyuka ta gina layin Baro zuwa Kano ba tare da ɗan kwangila ba. Aka fara a 1907, layin ya isa Kano a 1911. An yabi aikin da sauri da araha, amma arahar ta fito ne daga leburorin da aka umarci sarakuna su tara. Daga baya rassan layin suka kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, suka matso kusa da iyaka. Shi ya sa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin hanyar Kano zuwa teku. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle, inda manyan motoci ke kai gyaɗa Paraku su komo da kayan shigowa, bisa tallafin hukuma, domin a karkato da cinikin zuwa Kwatano.

Inda abin ya fi muni shi ne layin Kongo zuwa teku, tsakanin Brazzaville da Pointe-Noire, daga 1921 zuwa 1934. Kamfanin Batignolles ne ya riƙe mafi wuyar aikin, hukuma kuma ta ɗauki nauyin kawo masa ma'aikata, da yawa daga cikinsu ƴan ƙabilar Sara na kudancin Cadi. Aƙalla mutum dubu 17 suka mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aikin tilas bai haramta a yankunan Faransa ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946.

Darasin wannan zamani a fili yake. Ko da an yi talla a Paris, gasa ce tsakanin kamfanonin Faransa, a gaban hukumar da ba ta da alhakin yi wa ƴan ƙasa bayani. Wanda ke biyan haraji, wanda ke ba da fili da wanda ke ɗaukar ƙasa a ka, duk ba su da kujera a wurin zaman. Ƙa'idar gasa ba ta da amfani ga jama'a sai in jama'ar na da ikon tambaya.

Bayan samun ƴancin kai

A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta layin dogo da sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. Ta haka Nijar ta zama mai hannun jari a layin da ko taku ɗaya nasa babu a ƙasarta. Gwamnatoci suka zo suka wuce, ana ta nazarin ƙarasa layin daga Paraku zuwa Doso da Yamai, ko a zamanin da uraniyom ke da daraja, amma kuɗin bai samu ba. Tsohon layin ma ya tsufa, motoci suka ƙwace masa kaya. A 1999 wani kamfanin Faransa mai suna Geftarail ya rattaba hannu da Nijar, Benin da Burkina Faso a kan shirin da aka kira Africarail, wanda tsohon firaministan Faransa Michel Rocard ya mara wa baya. Ba a shimfiɗa ko ƙarfe ɗaya ba, amma takardar ta zauna a aljihun masu ita.

A daidai wannan lokaci dokoki suka canza. Nijar ta samu sabon kundin dokokin kwangilar gwamnati a watan Satumba na 2002. A Disamba 2005 ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni biyu da suka ɗaure dukan ƙasashenta, har da Nijar da Benin. Ginshiƙansu uku ne: ƙofa a buɗe ga kowane mai cancanta, daidaito tsakanin masu takara, da bayyana yadda aka yi zaɓi. Gasa a fili ta zama ita ce asali, ciniki kai tsaye kuma togiya da sai an kawo mata hujja. Aka kuma raba mai ba da kwangila da mai sa ido, aka ba wanda ya ga an zalunce shi wurin kai ƙara. Malaman makaranta a Nijar sun san muhimmancin wannan batu, domin badaƙalar kwangilolin ma'aikatar ilimi mai tushe, wadda aka sani da MEBA, ita ce ta kai ga majalisar dokoki ta tsige gwamnatin Hama Amadu a watan Mayu na 2007.

Takardu uku, layi ɗaya

Bisa wannan sabon tsari, a 2008 Benin da Nijar suka yi tallar ƙasa da ƙasa domin gyara layin Kwatano zuwa Paraku da ƙarasa shi zuwa Yamai. A 2010 aka sanar da cewa kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ne ya yi nasara. Shekara uku suka wuce ba a fara gini ba. Ɓangaren gwamnatocin ya nuna cewa wanda ya ci gasar bai kawo kuɗin aiki ba, shi kuma ya ce hukumomi ne suka ƙi kammala yarjejeniyar da za ta ba shi damar farawa.

A watan Nuwamba na 2013 ƙasashen biyu suka juya ga kamfanin Bolloré na Faransa, ba tare da sabuwar talla ba. Hujjojin da aka bayar suna da nauyinsu. Kamfanin ya yi alkawarin zuba kuɗinsa, yana tafiyar da layin Abijan zuwa Wagadugu tun shekarun 1990, kuma ya zo da babban buri na zagayen layin dogo daga Abijan zuwa Kwatano ta Wagadugu da Yamai. Ga kuma gaggawa: ana so jirgi ya shiga Doso a bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba 2014. Ranar 7 ga Afrilu 2014 shugaba Mahamadu Isufu, tare da takwarorinsa Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo, suka ƙaddamar da aikin a tashar Yamai. Yarjejeniyar da ta fayyace haƙƙoƙi da wajibai kuwa ba a sa mata hannu ba sai a watan Agusta na 2015, bayan an fi shekara ana aiki. A ƙarƙashinta aka kafa kamfanin Benirail, inda Bolloré ke da kashi 40 cikin 100, kowace gwamnati kashi 10, saura kuma aka keɓe wa ƴan kasuwar ƙasashen biyu.

Layi ɗaya ya wayi gari da masu iƙirari uku: mai takardar 1999, mai nasarar 2010 da mai yarjejeniyar 2015. Samuel Dossou ya kai ƙara. A Nuwamba 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, ta hana Bolloré ci gaba da aiki a ƙasar Benin. A Satumba 2017 kotun ƙolin Benin ta tabbatar da hukuncin. Masu Africarail su ma suka nufi kotun sasanta rikicin kasuwanci a Paris. A watan Maris na 2018 shugaba Patrice Talon na Benin ya nemi Bolloré da Petrolin su janye gaba ɗaya, a nemi abokin aiki daga Sin. Layin Yamai zuwa Doso ya zama guntu a tsakiyar ƙasa, babu abin da ya haɗa shi da teku. Sauri ya haifi nawa.

Abin da gasa ke karewa

Za a iya cewa: tun da kamfani ne ya zuba kuɗinsa, ina ruwan dokar gasa? Amsar ita ce babu layin dogon da ba na jama'a ba. Filin da ya ratsa na mutane ne, hukuma ce ke karɓarsa da ikon doka. Tsohon layin OCBN da tashoshinsa dukiyar ƙasashen biyu ce. Izinin cin moriya na shekaru masu yawa, ba tare da abokin takara ba, shi kansa dukiya ce mai daraja. Kuma idan yarjejeniya ta wargaje, baitulmali ake tunkara da maganar diyya. Abin da aka ba Borelli a 1900 da abin da aka ba Benirail a 2015 duka daga rumbun jama'a suka fito.

Ban da farashi, gasa tana tilasta wa hukuma ta rubuta abin da take so kafin ta zaɓi mai yi. Misali mafi bayyana shi ne faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. An shimfiɗa layin Yamai zuwa Doso da faɗin mita 1, irin na zamanin Turawa. Masu goyon bayan haka sun ce ya fi araha, kuma ya dace da tsofaffin layukan Benin, Burkina Faso da Kodebuwa. Masu suka sun ce sababbin layukan Afirka sun koma faɗin mita 1,435, wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi da gudu mai yawa. Kowane ɓangare na da abin faɗa. Amma muhawara irin wannan wurinta shi ne kundin sharuɗɗa, kafin a aza ƙarfe. An yi ta ne bayan an riga an shimfiɗa, lokacin da gyara ya koma rushewa. Ba a cinikin biri a sama.

Wannan ba ya nufin gasa ba ta da aibi. Tarihin 1845 ya nuna masu takara na iya haɗa kai. Na 2010 ya nuna ana iya cin gasa aiki kuma ya tsaya. Tayi mafi araha ma ba kullum ne mafi alheri ba, domin akwai mai karya farashi don ya samu shiga, daga baya ya dawo da buƙatar ƙari. Saboda haka ne dokokin zamani suka tanadi tantance ƙarfin kamfani kafin takara, da ajiye kuɗin jingina a banki, da wa'adin da in an saɓa za a ƙwace aikin. Idan wanda ya yi nasara ya gaza, akwai hanyar doka: a yi masa gargaɗi a rubuce, a soke nasararsa, a biya shi in yana da haƙƙi, a sake talla. Wannan hanya na iya cin shekara ɗaya ko biyu. Tsallake ta ya ci fiye da haka, kuma layin bai isa teku ba.

Daga kudu kuma

Wani layin ya doso Nijar ta wata fuska. A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka ba aikin, a kan kuɗin da ya kusa dalar Amurka miliyan dubu 2, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyin nemo kuɗin. Faɗinsa mita 1,435 ne. Ke nan idan wata rana aka so haɗa Maraɗi da Doso ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, jirgin da ya taso daga Kano ba zai iya hawa ƙarafan da aka shimfiɗa a 2014 ba. Dole a sake ɗayan biyu, ko a riƙa sauke kaya ana sake lodi. Shawarar da aka yanke cikin gaggawa domin bikin shekara guda ta zama nauyi a kan waɗanda ba su kai shekarun zaɓe ba a lokacin.

A zamanin mulkin mallaka manomin da aka ƙwace wa gona ba shi da inda zai nemi bayani. Ɗan ƙasa na yau yana da wannan haƙƙi a rubuce, sai dai haƙƙin ba ya aiki in ba a san da shi ba. A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa, domin tarihin layin dogo darasi ne na tarbiyyar ɗan ƙasa da za a iya koyarwa da Hausa kamar yadda ake koyar da shi da Faransanci. Duk lokacin da aka yi shelar wani sabon layi, ko Maraɗi zuwa Damagaram ne ko Doso zuwa Gaya, tambayoyin da suka kamata ba su da yawa. A ina aka yi tallar aikin, kuma na kwana nawa? Kamfani nawa suka kawo tayi? Da wane ma'auni aka fifita wanda aka zaɓa? Akwai wata tsohuwar yarjejeniya da ba a warware ba? Kuma a ina mai son karanta takardar kwangilar zai same ta?